Kafin A Zana Wa Yaro Bangon Ɗakinsa, A Tambayi Abin Da Ke Cikin Gwangwani

Wata al'ada ta fara samun gindin zama a gidajen ma'aikata a Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita. Daga Gwarimpa zuwa Lugbe, daga Kubwa zuwa Karu da Mararaba, iyaye matasa sun shiga ƙawata bangon ɗakin 'ya'yansu da zane. Wasu mai fenti suke kira ya zana musu bakan gizo da taurari da jirgin sama. Wasu kuwa kwali suke yankewa da siffar da suke so, ko su sayi na roba wanda masu sana'ar ke kira sitansil, su manna shi a bango su bi shi da soso, siffar ta fito ras. Idan an gama sai a ɗauki hoto a saka a Instagram ko a tura wa dangi ta WhatsApp, a yi ta sa albarka.

Ba kowa ne abin ya kwanta wa a rai ba. Akwai masu ganin almubazzaranci ne tsagwaronsa: gidan na haya ne, albashi ba ya kai ƙarshen wata, yaron kuma nan da shekara uku zai gaji da zanen. Hujjojin suna da nauyi, musamman a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000 tun 2024, kuɗin mota daga Nyanya zuwa Sakatariyar Tarayya kuma yake lashe kaso mai tsoka na abin da ke shiga aljihu. Duk da haka, zanen bangon ɗakin yaro abu ne da ya cancanci a tsaya masa. Inda gizo ke saƙa wani wuri ne daban, wurin da masu yabo da masu suka duk ba su cika leƙawa ba, wato cikin gwangwanin fentin.

Ƙawata bango ba baƙon abu ba ne ga mutumin Arewa. Duk wanda ya ratsa birnin Zariya, ko tsohon birnin Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ya ga yadda magina suka mayar da fuskar gida tamkar ƙirjin babbar riga, da dagi da zobba da layuka masu sarƙaƙiya da ake fitarwa da hannu tun laka tana ɗanya. Sana'a ce mai sarautarta da gwanayenta, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Sana'ar kuma ba ta taɓa ƙyamar sabon abu ba, domin a tsakiyar ƙarni na 20 maginan Zariya sun riƙa saka keke da mota a cikin zanensu. A cikin gida kuwa mata ne ke da filin, da shafen farar ƙasa da jeren kwanuka a ɗakin amarya. Bambancin da ke tsakanin wancan zamani da wannan shi ne, magini ya san inda aka haƙo lakarsa, ya san makubarsa daga ɓawon ɗorawa ta fito. Uban da ya sayo fenti a kasuwa bai san komai game da abin da ya ɗauko ba in ban da launinsa da farashinsa.

Yaron Abuja kuma yana buƙatar bangon nan fiye da yadda ake zato. Iyayensa kan fita tun duku-duku don su riga cunkoso, ba su dawowa sai bayan magariba. Babu tsakar gida mai faɗi, babu dandali, babu kakar da za ta yi masa tatsuniya. Yawancin wuninsa yana tsakanin bango huɗu da gilashin waya. Bangon da ke ɗauke da baƙaƙe da lambobi, ko taswirar ƙasarsa, abokin hira ne mai haƙuri da ba ya cin data, ba ya kuma jiran wutar lantarki. Ranar Asabar ɗin da uba da uwa suka ɓatar suna aune-aune da shafe-shafe tare da babban ɗansu, ita ma wani abu ce da yaron zai daɗe yana tunawa. Saboda haka a yi zanen. Abin da ya rage shi ne sanin da me za a yi shi.

An daɗe ana zuba sinadaran dalma a cikin fentin mai, wato fenti mai sheƙi da ake sirkawa da kananzir ko tina. Dalilai uku ne suka sa masu haɗa fenti ke son ta. Tana sa fenti ya bushe da wuri, tana hana ƙarfe tsatsa, sannan haɗinta da sinadarin kuromiyam yana ba da launi mai ɗaukar ido a farashi mai sauƙi. Launukan da suka fi fitowa daga wannan haɗi su ne ruwan ɗorawa da ruwan lemo da ja, sai kore da ake samu idan an gauraya ruwan ɗorawan da shuɗi. Duk wanda ya taɓa kallon ɗakin yara ko bangon makarantar renon yara ya san waɗannan su ne ainihin launukan da ake zaɓa. Rana ruwan ɗorawa ce, ganye kore ne, mota ja ce. Wannan shi ne kyan ɗan maciji: launin da ya fi jan hankalin yaro shi ne wanda aka fi samun guba a cikinsa idan fentin na mai ne kuma ba a tantance shi ba.

Sabon fenti da ke manne a bango ba ya cutarwa nan take. Matsalar tana farawa ne idan ya kwana biyu. Danshin damina yana kumbura shi, zafin bazara yana tsattsaga shi, ƙofa da taga suna gogarsa a duk buɗewa da rufewa. Sai ya koma ɓarɓashi da ƙurar da ido ba ya gani, ta sauka a daɓe da tabarma da kayan wasa. Yaro mai rarrafe a ƙasa yake wuni, duk abin da ya taɓa kuma baki yake kai shi. Wani ma yakan ɓanɓari fentin da farce ya tauna, ko ya ciji ƙarfen taga ko gefen gadonsa lokacin fitar haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi kuma ya fi kowa tsotsa.

Idan dalma ta shiga jini, ƙwaƙwalwar da ke cikin girma take fara taɓawa. Tana rage kaifin basira, tana dagula natsuwa, tana kawo ƙarancin jini, ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa kuma ba ta gyaruwa. Jiki yana ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru, har ta iya komawa jini lokacin da yarinyar ta girma ta ɗauki ciki, ta isa ga ɗan tayi. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba shi da illa. A 2020 wani rahoto na asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, yana ɗauke da dalma a jininsa a matakin da ke buƙatar a tashi tsaye.

Nijeriya ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta cika tsakar gida da ɗakunan kwana. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka fara tsabtace shi, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Gaskiya ne cewa fentin ɗaki ba ya kai wa ga irin wancan bala'i. A Zamfara gubar ta yi yawan da yara suka riƙa suma suna mutuwa cikin kwanaki. Ta fenti kuwa a hankali take aiki, ba zazzaɓi, ba ƙurji, ba kuka. Wannan shirun shi ne ya sa ba a ɗauke ta da muhimmanci. Yaro zai shiga aji uku bai iya haɗa baƙi ba, a ce wasa ya yi masa yawa. Malami zai yi ƙorafin ba ya zama wuri ɗaya, a ce ƙiriniya ce. Uba zai ƙara kuɗin darasin yamma, ya canza makaranta, wani lokaci har ya ɗauki bulala. Dalilan irin wannan matsala suna da yawa, ba kowane yaro mai jinkirin karatu ne ya sha dalma ba. Sai dai wannan dalili ɗaya ne da ake iya toshewa tun daga shagon fenti.

Duniya ta daɗe da sanin wannan. Tun a 1904 wani likita a birnin Brisbane na Ostireliya, Lockhart Gibson, ya danganta ciwon da ke kama yara da fentin da ke jikin shingen barandar gidajensu. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma a fenti. Amurka ta haramta fentin dalma a gidaje a 1978, amma har yau tana kashe kuɗi wajen kankare shi daga tsofaffin gine-gine. Darasin a bayyane yake: shafawa araha ce, cirewa ita ce mai tsada. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su kafa a yanzu ita ce kashi 90 cikin miliyan.

A Nijeriya, binciken da ƙungiyar SRADev ta Legas ta gudanar tare da gamayyar IPEN a 2017 ya gwada fentin mai da ake sayarwa don amfanin gida, ya tarar akasarinsa ya haura wannan iyaka, da dama daga cikin gwangwanayen ma sun ninka ta fiye da sau ɗari. Binciken ya kuma tarar da waɗanda ba su haura ba, abin da ke nuna ana iya haɗa fenti mai kyau a ƙasar nan ba tare da dalma ba. A 2023 hukumar NESREA ta saka iyakar kashi 90 cikin miliyan a dokokinta na sinadarai. Ci gaba ne na gaske, waɗanda suka yi aikin kuma sun cancanci yabo. Amma doka a takarda take zaune, gwangwani kuwa a kasuwa yake. Mai sayen fenti a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ba shi da hanyar gane dalma da ido ko da hanci. A gefen manyan kamfanoni akwai masu haɗa fenti a bayan gida su zuba a bokitin da ba suna ba adireshi. Shi kansa mai fentin da aka ba kwangila, idan an yi jinga da shi har da kayan aiki, ribarsa tana cikin sayen mafi araha. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Kafin hukuma ta kammala nata, akwai abin da ke hannun iyaye. Na farko shi ne zaɓen fentin ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa kuma ake wanke buroshinsa da ruwa. Ba kasafai ake samun dalma a irinsa ba, warinsa kuma bai kai na fentin mai ba. Na biyu, uba ko uwa su je su sayo da kansu, gwangwani a rufe, mai ɗauke da sunan kamfani da adireshi da tambarin hukumar SON. Tambari ba gwajin ɗakin bincike ba ne, amma yana nuna akwai wanda za a riƙe idan an samu matsala. Na uku, kada a yarda mai fenti ya ƙarasa aiki da ragowar da ya zo da ita daga wani wuri. Fentin mota da na ƙofar ƙarfe da na layin titi ba su da hurumi a ɗakin yaro, komai kyan launinsu. Wannan ƙa'ida ta shafi gadon yaro da kujerarsa da ƙarafan taga, domin su ne bakinsa ke kaiwa kafin bango.

Tsohon bango shi ma yana da nasa hukunci. Gidajen gwamnati da aka gina a Garki da Wuse a shekarun 1980, da gidajen hayar da ake sake wa fenti duk lokacin da wani ya tashi, suna ɗauke da shafe a kan shafe, babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashi. Kuskure mafi girma shi ne a sa samfefa a goge tsohon fentin mai a bushe, ko a ƙona shi da wuta, domin hakan yana mayar da gubar da ke kwance ta zama ƙurar da za ta cika gida. Idan fentin yana nan lafiya, a wanke shi a shafa sabo a kansa. Idan yana ɓarewa, a fara gyara inda danshi ke shigowa, a fitar da kaya, a shimfiɗa leda, a jiƙa wurin kafin a kankare, sannan a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Yara da mai juna biyu su bar gidan har a gama. Iyayen da ke da shakku kan ɗansu su nemi likita, domin gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma.

Shi zanen kansa ba ya buƙatar gwani. Kwali mai kauri ya isa, tsohon fim ɗin hoton asibiti ma ya fi shi ƙarko, masu rubutun alluna sun daɗe suna amfani da shi. A zana siffar da fensir, a yanke ta da reza, a ja layi da igiya a bango don kada jeren ya karkace. A manna kwalin da salatif, a tsoma soso a fenti kaɗan, a matse shi a jikin takarda, sannan a riƙa dangwalawa a hankali. Yawan fenti shi ke sa ya zurara ta ƙarƙashin kwalin ya ɓata gefen siffar. A fara gwaji a jikin wani kwali kafin a taɓa bango. Lokacin rani ya fi dacewa da aikin saboda bango a bushe yake. Idan an gama a bar taga a buɗe, yaron ya kwana biyu a wani ɗaki har wari ya fita.

Sai batun abin da za a zana. Kasuwa ta cika da Mickey Mouse da Spider-Man, babu kuma laifi yaro ya so su. Sai dai yana ganinsu a talabijin da jakar makaranta da kwanon abincinsa, bango bai ƙara masa komai ba idan ya maimaita su. Yaron da aka haifa a Asibitin Ƙasa, wanda bai san garin iyayensa ba sai da Sallah ko Kirsimeti, zai fi amfana da kuka da giginya, da Dutsen Zuma da yake gani a hanyar Suleja, da taswirar da ke nuna inda kogin Neja da na Binuwai suka haɗu a Lakwaja. Dagi kuwa kamar don sitansil aka ƙirƙire shi, domin siffa ce da ake maimaitawa a jere. Jerin baƙaƙen da ya haɗa da ɓ da ɗ da ƙ zai koya masa abin da makarantarsa ta kuɗi ba za ta koya masa ba. Kuma bango ɗaya ya wadatar. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2014 ya nuna cewa ƙananan yara sun fi shagala, sun kuma koyi ƙasa da yadda ya kamata, a ajin da aka cika bangonsa da ado. Ɗakin da yaro zai yi barci ya fi aji buƙatar sarari.

Ga iyaye Musulmi akwai ƙarin abin lura. Malamai da yawa suna hana zana abu mai rai, wasu suna sassautawa a abin da ya shafi yara, kowane gida kuma ya san malamin da yake bi. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne halaccin zana bishiyoyi da duwatsu da sararin sama da zayyana, wannan kuwa fili ne mai faɗin gaske, shi ne ma filin da maginan Hausa suka yi fice a cikinsa. Rubuta ayoyi a bango yana buƙatar tunani. Ɗakin yaro wurin fitsarin kwance ne da wasa da ƙazantar hannu, gidan haya kuma wata rana wani zai zo ya bi rubutun da buroshi. Allon da za a rataye a sama, a sauke shi ranar tashi, ya fi kiyaye alfarmar abin da aka rubuta.

Maganar tashi ta kawo batun haya. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati na Abuja daga 2005, ma'aikacin da ya shigo aiki bayan nan ɗan haya ne sai wanda Allah ya tsamar. Ana cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don asusun gidaje na ƙasa, amma kowace shekara da mai gida yake lissafi. Hikima ita ce a nemi izinin mai gida a rubuce kafin a taɓa bango, a kuma zaɓi launuka masu haske da shafe ɗaya ko biyu zai rufe. Wanda mai gidansa ya ƙi, ko wanda ake iya yi wa canjin wurin aiki kowane lokaci, sai ya yi zanen a kan falanki ko yadi mai kauri ya kafe a bango. Ranar tashi zanen zai shiga mota tare da katifa, yaron ya tarar da abin da ya sani a sabon ɗaki. Mai shiga sabon gida kuma yana da haƙƙin ya tambayi irin fentin da aka shafa kafin ya biya.

Duk wannan dabarar kare kai ce, mai ilimi da ɗan abin hannu ne kuma zai iya ta. Matar da ke kai ɗanta makarantar renon yara a Mpape ba ta da ta cewa kan fentin da ke bangon ajin. A nan ne nauyin ya dawo kan ma'aikatan tarayya da hadiman manya, domin su ne ke rubuta takardar da minista zai sa wa hannu, su ke tsara jawabin shugaban hukuma, su ke shirya wa ɗan majalisa tambayoyin da zai yi ranar kare kasafin kuɗi. Abubuwan da ake buƙata ba gagara-badau ba ne. NESREA da SON su riƙa sayen fenti a kasuwa kamar kowa, su gwada, su wallafa sakamakon da sunan kowane kamfani, domin mai gaskiya ya ci ribar gaskiyarsa. Akwai na'urar hannu ta XRF da ke nuna dalma a jikin bango nan take. Hukumar kwastam ta sa ido kan sinadaran launi masu dalma tun daga tashar jiragen ruwa, domin toshe mashiga ya fi bin shago-shago sauƙi. Hukumar FCCPC ta tabbatar abin da aka rubuta a jikin gwangwani gaskiya ne. Ƙananan masu haɗa fenti kuma a nuna musu madadin da inda za su same shi, domin samame kaɗai ɓuya yake koya wa mutane.

Mafi sauƙi daga cikin matakan yana kan teburin jami'in sayen kaya. Gwamnati tana cikin manyan masu sayen fenti a ƙasar nan. Kowane ajin da aka gina da kuɗin UBEC, kowane asibitin sha-ka-tafi da aka gyara, kowane aikin mazaɓa, da fenti ake ƙarasa shi, sau da yawa kuma fentin mai ake shafa wa rabin bango na ƙasa don sauƙin wankewa, daidai tsayin hannun yaro. Layi ɗaya a takardar kwangila, da ke wajabta fentin da bai haura kashi 90 cikin miliyan ba tare da shaidar gwaji kafin a biya kuɗi, zai juya kasuwar fiye da kowace sanarwa a rediyo. Ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabon kwamiti. Yana buƙatar jami'i ɗaya da ya tuna ya rubuta, da wani da ya ƙi sa hannu idan babu shi. A ƙarshen kowane Oktoba ana makon yaƙi da gubar dalma na duniya. Zai yi kyau a wannan karon a fito da sakamakon gwaji maimakon riguna da huluna.

Iyayen da suka tashi zana wa ɗansu bango ƙauna ce ta motsa su, babu mai musun haka. Uba zai kwatanta makarantu uku kafin ya zaɓi ɗaya, uwa za ta duba ranar lalacewar madara kafin ta saya. Bangon da yaro zai kwana a gindinsa shekara biyar, yana shafa shi yana kai hannu baki, ya cancanci irin wannan kulawa. Idan mai fenti ya iso ranar Asabar da buroshinsa, kafin a yi maganar launi ko kuɗin aiki, a ce ya ajiye gwangwanin a karanta abin da ke jikinsa. Ranar Litinin kuma, wanda takardar kwangilar fenti ta biyo ta teburinsa ya yi wa 'ya'yan wasu irin tambayar da ya yi wa nasa.